Masu Gudun Duniya Da Yadda Duniya Ta Bi Su Har Kogo

Wajen shekara ta 270 miladiyya, wani saurayi Bamisre mai suna Antoniyos ya rasa mahaifansa biyu. Suka bar masa gonaki masu albarka da ƙanwa guda, shi kuwa bai wuce shekara 20 ba. Sai ya rabar da gonakin ga mutanen ƙauyensu, ya sayar da sauran kayan gado ya ba mabuƙata kuɗin, ya damƙa ƙanwar a hannun wasu mata masu ibada, ya sa kai ya fice. Da farko a bayan gari ya tsuguna, daga nan ya koma maƙabarta. Da ya ga har yanzu ana riskarsa, sai ya haye kogin Nilu ya shige kangon wani tsohon sansanin soja, ya toshe ƙofa. Shekara kusan 20 yana ciki, sau biyu a shekara ake zuro masa busasshiyar gurasa ta sama. Ranar da aka ɓalle ƙofar ya fito, jama'a ya tarar jingim: masu neman addu'a, da marasa lafiya, da samari masu son ya koya musu irin zamansa. Ya sake tserewa, wannan karon zuwa wani dutse kusa da Bahar Maliya. Can ma aka bi sawu. Ƙarshenta sai da ya noma ɗan fili, alkama don kada masu kawo masa abinci su riƙa shan wahalar hamada, kayan lambu kuma saboda baƙi. Ya rasu a 356. Gidan zuhudun da aka gina a gindin dutsen yana nan har gobe, Kibɗawan Masar na zuwa ziyara mota-mota.

Abin da ya sami Antoniyos shi ne abin da ya sami ruhbananci kusan a duk addinin da ya yi shi. Mutum zai bar aure, ya bar mallakar dukiya, ya miƙa wuya ga wata ƙa'ida ko wani shugaba, da niyyar ya rabu da hayaniyar jama'a. Amma ciki ba ya zuhudu. Dole wani ya ciyar da shi, wanda ya ciyar da shi kuma yana da abin da yake tsammani. Daga wannan 'yar ma'amala aka wayi gari gidajen masu gudun duniya sun zama makarantu, da asibitoci, da masaukin baƙi, da rumbunan littattafai, wani lokaci ma har manyan masu filaye da sarakuna ke wa kallon hadarin kaji.

Ba Kiristoci ne suka fara ba. Ƙarni biyar ko fiye kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kwarin kogin Ganga a Indiya cike yake da masu yawon zuhudu. Cikinsu akwai Mahabira, jagoran addinin Jain, wanda har yau almajiransa ke tafe da ɗan tsintsiya mai laushi suna share inda za su zauna don kada su danne ƙwaro, wasu kuma su rufe baki da ƙyalle. Akwai kuma Siddata Gotama, wato Buddha, wanda ya mayar da wannan yawo tsari mai doka. A ɓangaren Terabada, wanda ake bi a Tailan da Siri Lanka da Myanmar, rahibi namiji yana ƙarƙashin dokoki 227, mace kuma 311. Ba ya cin abinci bayan rana ta yi tsaka. Ba ya taɓa kuɗi. Ba ya haƙa ƙasa, ke nan ba ya noma. Ba ya ajiye abincin yau ya ci gobe. Wanda ya dubi waɗannan dokoki da kyau zai ga dabarar da ke ciki: an ɗaure rahibin ne da ƙauye, ta yadda ba zai iya ɓacewa cikin daji ya manta da mutane ba, don kowace safiya sai ya fito sun gan shi, ya gan su.

A Tailan har yanzu haka ake yi. Da sassafe rahibai za su fito a jere, cikin mayafi ruwan goro, kai a aske, ƙafa ba takalmi, kowa rungume da akushinsa mai murfi. Mata sun riga sun tsaya a bakin hanya da dafaffiyar shinkafa. Mai bayarwa ita ce ke cire takalmi ta rusuna, ta zuba a akushi. Bahaushe na ganin haka almajiri da ƙoƙon bara ne za su faɗo masa a rai, sai dai akwai bambanci mai girma. Rahibin ba ya roƙo, ba ya sallama a ƙofar gida, ba ya ma godiya, don a fahimtarsu shi ne ya yi wa mai bayarwa alfarma da ya ba ta damar samun lada. Wannan fahimta ce ta ba akushin ƙarfi na siyasa. A 2007, lokacin da dubban rahibai suka fito zanga-zanga a Myanmar, makaminsu mafi kaifi shi ne kifa akushi, wato ƙin karɓar sadaka daga sojojin da ke mulki da iyalansu. A ƙasar da mutane suka yi imani cewa makomarsu ta rataya a kan irin wannan lada, hakan ya fi zagi ciwo.

Damina ce ta zaunar da rahiban Buddha wuri ɗaya. Wata uku na ruwan sama ba a yawo, sai attajirai suka shiga gina musu masauki. An ruwaito cewa wani falke, Anatapindika, ya sayi lambun Jetabana ta hanyar shimfiɗe ƙasar wurin da tsabar zinariya. Masaukin damina ya zama gida na dindindin, gida ya zama makaranta. Wadda ta fi shahara ita ce Nalanda a jihar Bihar ta yanzu, wadda ta bunƙasa tun ƙarni na 5, inda ake karanta mantiƙi da nahawu da ilimin magani ban da littattafan addini. Shuwanzang, rahibi daga ƙasar Sin, ya keta hamada da duwatsu a ƙarni na 7 ya zo ya yi karatu a can, ya koma gida da ɗaruruwan littattafai ya ƙare rayuwarsa yana fassara su. Addinin Hindu ma yana da nasa masu barin gida, da manyan cibiyoyi huɗu da ake dangantawa da malamin nan Shankara, ɗaya a kowace kusurwa ta Indiya.

A Masar kuwa, wanda ya yi wa ruhbanancin Kirista irin aikin da Buddha ya yi shi ne Bakomiyos, tsohon soja. An kama shi aikin soja na dole, aka tsare su a wani gari na kudancin Masar, sai ga Kiristocin garin suna kawo musu abinci ba tare da sun san su ba. Abin ya tsaya masa a rai. Wajen 320 ya kafa gida a Tabannisi, ya kewaye shi da katanga, ya tsara shi kamar bariki: kowane rukuni da ɗakinsa da sana'arsa, masu saƙar tabarma da kwando, masu toya gurasa, masu tuƙa jirgin ruwa su kai kaya kasuwa. Kafin ya rasu yana da gidaje 9 na maza da 2 na mata, 'yar'uwarsa Maryamu ce ke riƙe da na farko a ɓangaren matan. Basiliyos na Kaisariya, a ƙasar Turkiyya ta yau, ya ƙara mataki wajen 370, ya gina unguwa guda a bakin gari ta marasa lafiya da kutare da matafiya. Shi a ganinsa zaman kaɗaici ma yana da naƙasu, don wanda ke zaune shi kaɗai ba shi da wanda zai yi wa hidima ko ya yi haƙuri da shi. Ba kowa ya bi wannan ra'ayi ba. Sam'anu na ƙasar Sham ya hau kan wani ginshiƙi kusa da Halab ya yi shekara 37 a sama har ya rasu a 459, kuma ko a can bai tsira ba, ana zuwa da shari'o'i ana ɗaga murya daga ƙasa ana neman ya raba gardama.

Turai ta gaji abin ne ta hannun Benedikt, wanda ya kafa gidan Monte Kasino a Italiya wajen 529, ya rubuta ƙa'ida mai babi 73. Abin sha'awa a ƙa'idar shi ne sassaucinta. An raba yini tsakanin addu'a da karatu da aikin hannu, an faɗi awon gurasar kowa, an yi rangwame ga tsofaffi da yara da marasa lafiya, an keɓe babi guda a kan karɓar baƙo. Daular Rum ta yamma ta riga ta ruguje, makarantun birane sun mutu, sai gidajen nan suka zama inda aka fi samun masu iya karatu da rubutu. Kwafin littafi a wancan zamani ba wasa ba ne. Babu takarda, sai fatar dabba da aka jiƙa, aka kankare, aka shanya. Wani Baibul guda da rahiban arewacin Ingila suka rubuta wajen shekara ta 700, wanda ke ajiye yau a birnin Fulorans, ya ci fatun dabbobi sama da 500, nauyinsa ya haura kilo 30. Gidan da ba shi da garke ba ya ma tunanin yin littafi. Ke nan ilimin da makiyayan da filayen kiwon duk abu ɗaya ne.

Ta waɗannan ɗakunan rubutu ne wani sashe na ilimin Musulmi ya shiga Turai. Ƙustantin Ba'afirke, mutumin Tunis, ya zama rahibi a Monte Kasino a ƙarni na 11, ya mayar da littattafan likitanci na Larabci zuwa Latin, ciki har da na Ibn Jazzar da na Majusi, galibi ma bai ambaci masu su ba. A 1143 kuma shugaban gidan Kuluni a Faransa ya sa aka yi fassarar Alƙur'ani ta farko zuwa Latin, ba don ƙauna ba, don ya sami abin yin raddi. Ko a ƙarnukan baya-bayan nan, Giregor Mendel, wanda ya gano yadda 'ya'ya ke gadon siffofin iyaye, a lambun gidan zuhudu na birnin Burno ya yi gwajinsa da wake, ya buga sakamakon a 1866.

Ga mata, al'amarin fuska biyu gare shi. A inda mace ba ta da zaɓi sai aure, gidan zuhudu ya zama ƙofar karatu da shugabanci. Hildegad ta Bingen a Jamus, wadda ta rayu daga 1098 zuwa 1179, ta shugabanci gida, ta rubuta littattafai a kan tsirrai da magani, ta tsara waƙoƙin ibada, tana aika wa sarakuna da Fafaroma wasiƙu ba tare da rawar murya ba. Amma ita kanta tana yarinya ƙarama iyayenta suka miƙa ta. Iyalai da dama sun tura 'ya'yansu mata can ne don kauce wa kashe dukiyar aurar da su, ba wanda ya tambayi yarinya ra'ayinta.

Ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba. Mai zuhudu na gaskiya yana jawo sadaka, sadaka ta taru ta zama dukiya, dukiya ta kashe zuhudun. Gidan Kuluni da aka kafa a 910 don gyara, kafin shekara 200 ya zama daula mai ɗaruruwan rassa. Wasu suka ɓalle a 1098 suka koma cikin fadama a Sito don su yi talauci na haƙiƙa, su noma da hannunsu. Aiki tuƙuru ba iyali ba almubazzaranci, ina dukiyar za ta? Jikokinsu na ɗariƙa suka zama manyan dillalan ulu a Ingila. Idan kuma dukiya ta taru a inda ba a biyan haraji, mai mulki ba ya barci. A 845 sarkin Sin Wuzong ya rushe manyan gidajen Buddha 4,600, ya tilasta wa rahibai maza da mata fiye da 260,000 komawa cikin masu biyan haraji. A Japan rahiban dutsen Hiye sun tara mayaƙa har suna tsoratar da fada, sai da Oda Nobunaga ya ƙone wurin a 1571. Sarki Henri na 8 ya rufe gidaje sama da 800 a Ingila daga 1536, ya sayar da filayen ga fadawansa. Ya ce gyara yake yi, amma baitulmalinsa ne ya fi kowa shaida gyaran, talakawan da ke karɓar abinci a ƙofofin gidajen kuwa suka rasa madafa.

Akwai laifuffukan da suka fi na dukiya muni. A Ailan, wasu ƙungiyoyin mata masu zuhudu sun riƙe gidajen wanki inda aka tsare 'yan matan da suka yi ciki ba aure ana sa su aiki ba lada. Na ƙarshe sai a 1996 aka rufe shi, gwamnati ta nemi gafara a 2013. A Myanmar ɗin da rahibai suka tsaya wa talaka a 2007, a nan ne wani rahibi, Wiratu, ya yi suna wajen hura wutar ƙiyayya a kan Musulmi. Mayafi ba ya wanke zuciya, kuma girmamawar da jama'a ke wa mai shi ita ce ke sa ɓarnarsa ta yi nisa kafin a tanka.

Ba kowane addini ya rungumi wannan hanya ba. Yahudawa sun taɓa samun jama'ar Kumran, masu littattafan da aka tsinta a kogunan bakin Tekun Gishiri daga 1947, amma malamansu na baya sun ɗauki aure wajibi. Martin Luta, jagoran Furotesta, wanda shi kansa rahibi ne, ya tuɓe rigar ya auri Katarina, tsohuwar mai zuhudu, a 1525. Shi ya sa Bahaushen da ke zuwa cocin Furotesta irin ECWA ko COCIN bai san rahibi a cocinsa ba. A coci irin na Katolika da na Kibɗawa da na Habasha ake samunsu.

Musulunci ya taso ne rahibai na kewaye da shi. Littattafan sira sun kawo labarin Bahira a Busra, da na Salmanul Farisi wanda ya yi ta bin malaman Nasara ɗaya bayan ɗaya kafin ya iso Madina. Alƙur'ani ya yi maganarsu ta fuska fiye da ɗaya: a Ma'ida ya yabi rashin girman kansu, a Tauba ya zargi da yawa daga cikinsu da cin dukiyar mutane da ƙarya, a Hadid ya nuna cewa su suka ƙago ruhbanancin ba a wajabta musu ba, kuma ba su kiyaye shi yadda ya kamata ba, a Hajji kuma ya lissafa ɗakunansu cikin wuraren ibadar da ake karewa daga rushewa. Ga al'ummarsa, Manzon Allah (SAW) ya rufe ƙofar barin aure don ibada. Ya hana Usman bin Maz'un, ya kuma gyara wa mutum ukun nan da ɗayansu ya ce zai kwana salla kullum, ɗaya azumi ba hutu, ɗaya ba zai yi aure ba. Amma hana Musulmi yin abu daban ne da taɓa wanda ke yinsa. Halifa Abubakar ya umarci kwamandan rundunarsa zuwa Sham da ya ƙyale waɗanda suka killace kansu a ɗakunan ibada. Gidan Santa Katarina da ke gindin Dutsen Sina'i, wanda Sarki Justiniyan ya gina a ƙarni na 6, yana nan daram bayan shekaru sama da 1,300 na mulkin Musulmi. Akwai masallaci a cikin katangarsa tun zamanin Faɗimawa, kuma Larabawan Jabaliyya, Musulmi, su ne ma'aikatansa kaka da kakanni.

Abin lura shi ne Musulunci ya ƙi rashin auren, amma ayyukan da gidajen zuhudu ke yi wa jama'a bai bar su sun faɗi ba. Keɓewa ya zama na ɗan lokaci, i'itikafi a goman ƙarshe ko halwa ta 'yan kwanaki, mutum ya fito ya koma ga iyalinsa da sana'arsa. Ciyarwa da saukar baƙi da karantarwa kuma suka koma hannun zawiya da ribaɗi da waƙafi. Salahuddin ya mayar da wani gidan sarauta a Alƙahira masaukin sufaye a 1173, ya yi masa waƙafin da ke ciyar da su. Ibn Baɗuɗa ya keta rabin duniya yana kwana yana ci a zawiyoyi. Sanusiyya ta kafa cibiyarta a Jagbub a 1856, ta jera zawiyoyi a kan hanyar fatake daga Bangazi zuwa Kufra har Wadai, suna haƙa rijiyoyi suna sasanta ƙabilu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a ribaɗin Wurno har ya rasu a can a 1837, ribaɗi mai gonaki da mata da yara. Kuskure ne a kira shehun zawiya rahibi, tunda sau da yawa ma ɗansa ne ke gadonsa, abin da ba ya yiwuwa a gidan Benedikt. Wannan gadon shi ne ƙarfin zawiya, shi ne kuma inda rigimarta ke yawan tasowa.

Nahiyar da ta haifi ruhbanancin Kirista ba ta taɓa rabuwa da shi ba. A Habasha, gidan Dabra Damo yana kan wani dutse mai shafaffen kai tun ƙarni na 6, ba a hawa sai da igiyar fata, tsawon mita 15. Rahiban Habasha su ne suka adana rubutun Ge'ez da tarihin sarakunansu, sojojin Italiya da suka mamaye ƙasar kuma suka karkashe na Dabra Libanos a 1937, suna zarginsu da hannu a turjiya. A arewacin Sudan kangon gidan Gazali na nan, shaidar zamanin da Nuba take Kirista.

A yau gidaje da yawa a Turai suna rufewa don tsofaffi sun ƙare ba masu shigowa, a Afirka kuwa sababbi ake buɗewa. Na Tibhirin a tsaunukan Aljeriya ya zauna tsakiyar ƙauyen Musulmi zalla. Rahibansa suna noma lambu tare da mutanen gari, sun ba su ɗaki suna salla, ɗayansu kuma, likita Luk, ya yi kusan shekara 50 yana duba marasa lafiyar yankin kyauta. Da yaƙin basasa ya yi tsanani aka ba su shawara su tafi, suka ƙi barin maƙwabtansu. A watan Maris na 1996 aka sace bakwai daga cikinsu, bayan wata biyu aka tsinci kawunansu; ƙungiyar GIA ta ɗauki alhaki, ko da yake har yanzu ana jayayya a kan abin da ya faru. A Senegal, rahiban Kar Musa da suka buɗe gidansu a 1963 sun shigar da kora, molon maroƙan Mandinka, cikin addu'arsu, har suka buɗe wurin ƙera ta suna sayarwa ƙasashen waje. A Ewu ta jihar Edo kuwa, 'yan ɗariƙar Benedikt suna haɗa magungunan gargajiya na Pax Herbals daga ganyaye da saiwoyi, mutanen garuruwan kewaye na aiki a masana'antar, marasa lafiya kuma na zuwa asibitinsu daga jihohi masu nisa.